Alewar Rubina da Masu Taɓe Baki

Malam, na ga ka ɗaga gira tun ban buɗe baki ba. Hajiya kuma ta ja tsaki ta gyara mayafi. Shi kuwa Alhaji yana can gefe yana lissafin kuɗin takardar da aka ɓata a kan wannan rubutu. Wai duk abin da ya yi mana katutu, ga tsadar masara ga ta man fetur, a rasa abin da za a zauna a tattauna sai littattafan yara? Na yaran ma ba namu ba, na Indiya da Pakistan da Bangladesh da Siri Lanka? To, ku gyara zama. Ba wa'azi zan yi ba, kuma ba zan nemi sadaka in na gama ba.

Kowa ya ce ba ruwansa da Indiya a yarda da shi, ban da kai, Malam. A-daidaita-sahun da ya sauke ka a bakin layi, can aka ƙera shi. Idan ka yi sakandare a arewa a shekarun 1970 ko 1980, da wuya a ce ba Ba'indiye ko ɗan Pakistan ne ya koya maka lissafi ko kimiyya ba. Ka haddace waƙoƙin da ba ka san ma'anar ko kalma ɗaya a cikinsu ba. Ranar da Amitabh Bachchan ya mutu a Sholay ka zubar da hawaye, ka fito daga silima kana murza ido wai ƙura ce. Zumuncin ma ya girmi silima nesa ba kusa ba. Kalila wa Dimna da malamanmu na zaure suka sani, Ibn al-Muƙaffa ne ya mai da shi Larabci daga harshen Farisa a ƙarni na 8, amma asalin labaran na Indiya ne, daga Panchatantra. Akun nan na Magana Jari Ce, littafin da Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, wanda yake riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita, masu nazari sun daɗe da nuna cewa yana da kaka a Indiya: wani tsohon littafi inda aku ya riƙe matar wani ɗan kasuwa da labari har dare saba'in don kada ta fita. Ka daɗe kana cin tuwon Indiya da miyar gida, sai yau za ka ce ba ka san mai tuƙin ba?

Sai dai Indiyar da ka sani 'yar ƙarama ce. Indiyar fim ce, inda kowa fari ne tas, kowa na jin Hindi, kowa ya iya rawa, talaka ma gashinsa a taje yake. A ƙidayar 2011, waɗanda Hindi ne harshensu na gida ba su kai rabin mutanen ƙasar ba. Kundin tsarin mulkinsu ya lissafa harsuna 22, ban da ɗaruruwan da ba a lissafa ba. Musulmin ƙasar a waccan ƙidayar sun kai miliyan 172. Akwai baƙaƙe kamar ni da kai, akwai ƙabilun da ke zaune a dazuka da tsaunuka, akwai waɗanda aka haifa aka ce taɓa su ƙazanta ne. Dukansu suna da yara, yaran suna zuwa makaranta, kuma an yi shekaru aru-aru in sun buɗe littafi ba sa ganin kowa mai kama da su. Duk dogon zancen nan, jigonsa ke nan.

Me suke gani in sun buɗe? Wanda ya yi makarantar Turanci a Delhi ko Lahore ko Colombo, Enid Blyton ce ta raine shi: yaran Ingila masu kare da kwandon abinci, suna kama ɓarayi a bakin teku lokacin hutu. Yaro yana zufa a Chennai yana karanta yadda ake jin ɗumin wuta a cikin dusar ƙanƙara. In kuma an ce ga littafin da ya ambaci ƙasarsa, to baƙo ne ya rubuta. Kipling ya ba shi Mowgli a 1894, yaron da dabbobi suka raina a daji. Helen Bannerman, wata 'yar Scotland da ta yi zaman Madras, ta fitar da Sambo a 1899, yaron da damisoshi suka yi ta zagaya itace saboda shi har suka narke suka zama man shanu, aka zana shi da iyayensa da siffar raini. Wato ko dai babu kai a littafin, ko kana ciki amma da fuskar da wani ya zana maka don ya yi dariya.

Na ji ka, Malam. Ka ce wannan duk sabon yayi ne, Turawa ne suka ƙirƙiro shi jiya da yamma suka raba wa mutane. To, riƙe alƙalaminka. A 1913 Upendrakishore Ray Chowdhury ya kafa mujallar yara ta Sandesh a Kalkata da harshen Bengali. Jikansa shi ne Satyajit Ray, mai shirya finafinai, wanda shi ma ya rubuta wa yara labaran wani ɗan binciken sirri. A 1928 Dhan Gopal Mukerji ya ci lambar Newbery, babbar lambar littattafan yara a Amurka, da labarin wani yaron Kalkata da tantabararsa wadda ta yi aikin kai saƙo a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1935 R. K. Narayan ya fitar da labarin Swami da abokansa, yaran wani gari da ya ƙirƙira ya sa masa suna Malgudi, masu tsoron malamin makaranta da son wasan kurket. A 1957 mai zanen barkwanci K. Shankar Pillai ya kafa Children's Book Trust a Delhi. In wannan ne sabon yayi, to ya girmi 'yancin kan Najeriya, ya kuma girmi hularka.

Wanda ya fi su shahara shi ne Anant Pai. Ya sha ba da labarin yadda a 1967 ya kalli gasar kacici-kacici a talabijin, ya ga yaran Indiya suna amsa tambayoyi kan tatsuniyoyin Girka ba gargada, amma da aka tambaye su sunan mahaifiyar Rama, jarumin babban labarinsu na gado, sai suka yi tsuru-tsuru. Abin ya ci masa rai, ya kafa Amar Chitra Katha, jerin littattafai masu zane da suka haura 400, na tarihi da almara da rayuwar manyan mutane. An sayar da miliyoyi. Sai ka ce shi ke nan, magana ta ƙare, ɗan gida ya karɓi alƙalami.

Ina! A nan ne ma zancen ya fara daɗi. Yaran da suka tashi da waɗannan littattafai, da suka girma suka sake buɗe su, sai suka lura da abin da ya wuce su suna ƙanana. Jarumai da alloli farare ne ko shuɗaye masu haske, miyagu da dodanni kuwa baƙaƙe ne masu kaurin leɓe. Mace ta gari ita ce mai sunkuyar da kai. Labaran kuma mafi yawansu na manyan gidaje ne, na masu asali. Ba Bature ya zana ba, ɗan gida ne. Ƙasar da man shafawa mai suna Fair & Lovely ya mamaye kasuwarta tun 1975, sai a 2020 kamfanin ya ji kunya ya sauya masa suna, ba ta buƙatar baƙo ya koya mata raina baƙar fata. Hajiya, ban kalle ki ba fa, bangon da ke bayanki nake kallo. Ban kuma tambayi abin da ke cikin kwalbar da ke kan madubinki ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Abin da ya sa nake ganin girman marubutan da suka biyo baya ke nan. Ba su tsaya ga yi wa Turawa ƙorafi ba, sun juyo sun dubi gida. A Chennai, Gita Wolf ta kafa Tara Books a 1994. Radhika Menon da Sandhya Rao suka kafa Tulika a 1996, suna buga littafi guda da harsuna har tara, don yaro Batamile da yaro Bagujarate su karanta labari ɗaya kowa da harshen uwarsa. Tulika ce ta buga wa Mahasweta Devi labarin Moyna a 2003, yarinyar ƙabilar Shabar mai kiwon awakin masu gona, wadda ba ta da aiki sai tambayar me ya sa. Ita ce kuma a 2015 ta fitar da littafin Sowmya Rajendran kan yarintar Bhimrao Ambedkar. Ka san shi, Malam? Shi ya jagoranci kwamitin da ya rubuta kundin tsarin mulkin Indiya. Yana yaro, saboda an haife shi cikin waɗanda ake kira Dalit a yau, a gefe yake zama a aji a kan buhun da ya zo da shi daga gida. In ƙishirwa ta kama shi ba ya taɓa randa ko moɗa. Sai masinjan makaranta ya zo ya tsiyaya masa ruwa daga sama. Ranar da masinja bai zo ba, ya wuni da ƙishirwarsa. Wannan ne aka zana aka miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai, har da jikokin waɗanda suka hana ruwan. Ka taɓa ganin haka tsakanin rawa da rawa a fim ɗin da ka haddace?

Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne Bhajju Shyam. Ɗan ƙabilar Gond ne daga wani ƙauye a tsakiyar Indiya. Ya zo birnin Bhopal yana saurayi ya kama aikin gadi, kafin wani ɗan'uwansa mai zane ya ja shi ya koya masa sana'ar. A farkon shekarun 2000 aka gayyace shi Landan ya yi wa wani gidan abinci zane a bango. Bai taɓa hawa jirgin sama ba, ba ya jin Turanci. Da ya dawo sai Tara Books suka ce ya zana musu abin da ya gani. A 2004 littafin ya fito, aka sa masa suna The London Jungle Book, wato an kwaikwayi sunan littafin Mowgli, an rama wa Kipling ziyararsa bayan shekara 110. Jirgin sama ya zana shi giwa ce ta tashi sama. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya mai da shi tana, tunda a wurin mutanensa ita ce sarauniyar cikin ƙasa. Babban agogon Landan, Big Ben, ya haɗa shi da zakara, don a ƙauyensu zakara ne mai faɗin lokaci. An daɗe ana zuwa daga Landan a leƙa mutanen daji a rubuta yadda suke. Wannan karon mutumin daji ne ya je ya leƙa Landan, ya dawo ya ba da rahoto cikin ladabi. A 2018 gwamnatin Indiya ta ba tsohon maigadin lambar girmamawa ta Padma Shri. Littattafan Tara da yawa da hannu ake buga su, shafi bayan shafi, launi bayan launi, a kan takardar da ita ma da hannu aka yi ta. Alhaji, kada ka tambayi farashi tukuna, zan zo kanka.

Bari ma in zo kanka yanzu, tunda kai ba ka yarda da magana sai da lissafi. Rabin wannan labari ba a Asiya yake faruwa ba, a ƙasashen da 'ya'yansu suka yi ƙaura ne. Wata cibiya a Jami'ar Wisconsin da ke Amurka tana ƙirga littattafan yara duk shekara. A cikin fiye da 3,000 da ta duba na 2018, kashi 50 cikin ɗari labarin fararen yara ne. Kashi 27 na dabbobi ne da motoci da makamantansu. Duk sauran yaran duniya, baƙaƙe da 'yan Asiya da 'yan Latin Amurka da 'yan asalin ƙasar, suka raba kashi 23. Ka ji? Zomo mai wando ya fi ɗan Bangladesh samun gurbi a kanta. A Ingila wani bincike kan littattafan 2017 ya gano kashi 1 kacal ne jaruminsu ba farar fata ba, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar ƙasar 'ya'yan tsirarun ƙabilu ne. Kai da kake kasuwa, in mutum ɗaya cikin uku na masu shigowa shagonka bai taɓa samun takalmi daidai ƙafarsa ba, sai a zo a yi maka lacca kafin ka gane akwai ciniki a ƙasa?

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki alƙalami. Rukhsana Khan, an haife ta a Lahore a 1962, iyayenta suka kai ta Kanada tana shekara uku. A 2010 ta fitar da wani ɗan littafi mai hotuna, Big Red Lollipop, labarin alewa mai tsinke. An gayyaci Rubina bikin zagayowar ranar haihuwar wata ƙawarta a makaranta, karo na farko a rayuwarta. Ta rugo gida da murna. Ƙanwarta Sana ta fashe da kuka ita ma sai ta je. Uwarsu, wadda ba ta san al'adar garin ba, ta yanke hukunci: ko ki tafi da ƙanwarki ko ki zauna. Rubina ta yi magiya, ta ce a nan ba a haka, wanda aka gayyata shi kaɗai ke zuwa. Uwa ta ce ba ta san zancen ba.

Hajiya, na ga kin yi murmushi. Kin tuna ko? Duk wadda ta tashi babbar ya a gidan Bahaushe ta san wannan hukunci. An aiko ki gidan biki, an ɗaura miki ƙani a baya, an riƙa miki wata a hannu, aka ce in kin dawo babu su kada ki shigo. Ita uwar Rubina ba muguwa ba ce. A Lahore, kamar a Katsina, wa ya taɓa jin an gayyaci yaro ɗaya an bar ɗan'uwansa a gida? Su kuma masu bikin ba marowata ba ne, kujeru ƙirgaggu suka tanada. Yarinyar ce a tsakiya, kowane ɓangare da gaskiyarsa.

Suka je. Sana ta ɓata wasa, ta yi kuka, ta ba yayarta kunya. Aka sallami kowa da alewa. Sana ta lashe tata tun kafin dare. Rubina ta adana tata a firji don gobe. Da safe ta tarar da ɗan guntu a jikin tsinke. Ta bi ƙanwar da gudu, uwa ta ce haba, a kan alewa? Daga nan aka daɗe ba wanda ya sake gayyatar Rubina ko'ina. Kwana ya ja, sai ga Sana ta shigo da tata takardar gayyata, autarsu Maryam ta fashe da kuka, uwa ta maimaita hukuncinta na da. Ga rana ta zo wa Rubina, ta naɗe hannu kawai ta sha kallo. Sai ta matsa ta roƙi uwarsu a bar Sana ta tafi ita kaɗai. Da Sana ta dawo, ta miƙa wa yayarta koriyar alewa. Iyakar labarin ke nan. Ya ci lambar Charlotte Zolotow a 2011, kuma babban ɗakin karatu na birnin New York ya sa shi cikin littattafan yara 100 da ya zaɓa na shekara 100. Marubuciyar ta sha faɗa cewa abin ya faru a gidansu, kuma ita ce ƙanwar da ta ci alewar. Babu inda aka tsaya aka yi wa mai karatu bayanin Pakistan ko darasin zaman lafiya. Ya da ƙanwa ne da alewa, sai dai sunayensu Rubina da Sana, uwarsu kuma da mayafinta.

To, Hajiya, fito da abin da ke ranki, na san ba tsaki kawai kika zo yi ba. Tsoronki kada a shigo wa yaranki da bautar gumaka da baƙin ɗabi'u a cikin takarda mai launi. Tsoron uwa ne, ba zan yi masa dariya ba. Zan dai tambaya: wa ke kunna fassarar fim ɗin Indiya bayan isha'i, yara na zube a tabarma, ana kaɗa ƙararrawa a gaban gunki sau biyar kafin a tafi talla? A can ba ki ja tsaki ba. Ga shi kuwa da yawa cikin marubutan nan Musulmi ne da suka gaji da ganin yaro Musulmi ba ya fitowa a littafin Turanci sai in bam ya tashi. A 2016 kamfanin Simon & Schuster ya buɗe wani reshe mai suna Salaam Reads a ƙarƙashin Zareen Jaffery, don labaran yara Musulmi kawai. Littafinsu na farko na Hena Khan ne, a 2017: Amina, yarinya mai kunya a birnin Milwaukee, ga gasar karatun Alƙur'ani a gabanta, ga ƙawarta 'yar Koriya tana shirin sauya suna zuwa na Turawa, sannan wasu suka shiga masallacinsu suka yi ɓarna. Saadia Faruqi, haifaffiyar Karachi mazauniyar Houston, ta ƙirƙiro Yasmin a 2018, 'yar aji biyu da ke zaune gida ɗaya da kakanninta. Ban ce kowane littafi da aka liƙa wa tambarin bambancin al'adu ya dace da ɗakinki ba. Akwai waɗanda za ki buɗe ki rufe. Maganin abin sauƙi gare shi: masu hotunan nan shafi 32 ne yawancinsu, kafin ruwan shayi ya tafasa kin karance. Ki karanta kafin ki miƙa.

Kai kuma Malam, kada ka ce na zo tallar kaya ne, ga rabonka na gaskiya. Wasu littattafan nan gundura gare su. Da kamfanonin Amurka da Ingila suka gane akwai kasuwa, sai suka yi ta neman abu iri ɗaya: littafin bikin Diwali, littafin Sallah, labarin yaron da aka yi wa dariya saboda ƙamshin abincin da ya kawo makaranta, labarin yarinyar da malama ta kasa faɗin sunanta. Na farko ya yi daɗi, na goma ya fara isa, na hamsin sai hamma. Wani littafin kana karantawa ka san ba don yaro aka rubuta shi ba, don malamar aji ne ta samu abin nunawa a makon al'adu. Kuma yawancin masu rubutun daga ƙetare 'ya'yan likitoci ne da injiniyoyi, masu asali da hali. Indiyarsu ta gidan kaka ce lokacin hutu, da mangwaro da lalle. Ɗan mai shara bai cika samun shiga ba. Su kansu marubutan suna wannan muhawara a tsakaninsu, ba ni na gano ba.

Shi ya sa nake ɗaga wa Sybil Wettasinghe ta Siri Lanka hula. Tun a shekarun 1950 ta rubuta ta kuma zana labarin ɓarawon laima da harshen Sinhala. Wani dattijon ƙauye ya je birni ya ga laima karo na farko, ya sayo don ya burge mutanen garinsu. Ya tsaya shan shayi, laima ta ɓace. Ya koma ya sayo wata, ita ma ta ɓace. Ya yi ta saye ana ɗaukewa, har ya yi dabara ya bi sawu cikin daji, ya tarar da laimominsa rataye reras a reshen itace. Ya kwashe ya bar wa ɓarawon guda ɗaya, ya buɗe shagon laima. Ɓarawon kuwa ashe biri ne. Ba ta roƙi kowa ya fahimci al'adarta ba. Ƙauyensu kawai ta zana yadda yake, da zannuwansa da itatuwan kwakwarsa, sai ga littafin ya yi farin jini har Japan. Ta rasu a 2020 tana da shekara fiye da 90, tana zane har ƙarshe.

Akwai kuma masu cewa a bar yara da labarin gizo da ƙoƙi, kada a ɗora musu nauyin duniya. Sai ka ce duniyar ta nemi izini kafin ta ɗora. A 1947 da aka raba Indiya da Pakistan, wajen mutum miliyan 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu, kuma kakanni da yawa sun tafi kabari ba su ba jikokinsu labarin ba. Veera Hiranandani, wadda mahaifinta yana yaro aka gudo da shi daga Mirpur Khas, ta rubuta labarin Nisha, 'yar shekara 12, ubanta Hindu, mahaifiyarta Musulma da ta rasu, tana rubuta wa marigayiyar wasiƙu da dare a kan hanyar gudun hijira. Kwamitin Newbery ya karrama littafin a 2019. A shekarar ce Padma Venkatraman, wadda masaniyar kimiyyar teku ce kafin ta koma rubutu, ta fitar da labarin yara huɗu masu kwana a kan wata tsohuwar gada a Chennai suna tsintar bola. Wannan kam ba sai an yi mana fassara ba, mun san inda namu suke kwana. Mitali Perkins kuwa, wadda aka haifa a Kalkata ta yi wani ɓangare na yarintarta a Ghana da Kamaru, ta ba da labarin Naima ta Bangladesh a 2007, yarinyar da ta so ta taimaki ubanta mai tuƙa keken haya, ta yi karo da shi ta lalata, ta ƙare tana yi wa kekuna zanen ado. An mai da shi fim a 2021.

Saura kai, Alhaji, da tambayar da ka riƙe tun ɗazu: nawa ne? Littafin Amurka mai bango mai kauri, in ka juya kuɗinsa zuwa naira, sai ka nemi wurin zama. Indiyawa ma sun san da haka, yawancin yaransu ba 'ya'yan masu hali ba ne. A 2004 aka kafa Pratham Books a Bangalore, ba don riba ba, da niyyar buga littattafai masu kyau da araha cikin harsunan gida. A 2015 suka ɗauki matakin da kai ba za ka taɓa ɗauka ba ko da an sa maka wuƙa: suka zuba labarai 800 cikin harsuna 24 a intanet a dandalin StoryWeaver, suka ce kowa ya karanta, ya sauke, ya fassara, ya buga, kyauta, in dai zai ambaci masu aikin. Yau harsunan da ke ciki ɗaruruwa ne, har da Hausa. Na ga jikinka ya yi sanyi. Ba kuɗi za ka biya ba, amma kuma uzurinka ya ƙare.

Malam, kai da ka iya gyara wa masu fassarar fim Hausarsu daga kan benci, wayarka na aljihunka. Ka zaɓi labari ɗaya mai shafi goma sha biyu ka mai da shi Hausa a daren nan, ka karanta wa autarka. In kuma ka ce na Indiya bai yi maka ba, madalla, babu mai riƙe da hannunka: zauna ka rubuta mana na yarinyar da aka ɗaura wa ƙani a baya aka tura gidan biki. Hajiya na nan, za ta gaya maka yadda aka yi.